Kalmomin mahaƙan zinariya na farko da inda suka samo asali

Wani ɗalibin tarihi ya aiko da tambaya cewa yana karanta labarin rububin zinariya da aka yi a Amurka da Ostireliya a ƙarni na 19, kuma yana yawan cin karo da kalmomin da ƙamus na yau da kullum ba ya warware masa su yadda ya kamata. Yana so ya san ko mahaƙan nan suna da wani zaurance ne na kansu, da kuma inda waɗannan kalmomi suka fito.

Malam, abin da kake gani ba zaurance ba ne, domin zaurance ana yin sa ne don a ɓoye magana ga wanda ba a so ya ji, su kuwa mutanen nan ba ɓoyo suke yi ba. Abubuwa biyu ne suka cakuɗe a bakinsu, kuma idan ka raba su karatun zai yi maka sauƙi. Akwai keɓaɓɓun kalmomin sana'a, wato sunayen kayan aiki da na ƙasa da na duwatsu, waɗanda yawancinsu aro ne daga mutanen da suka riga Amurkawa sanin haƙar ma'adinai. Akwai kuma sara, wadda sababbin zuwa suka ƙirƙira da kansu, kuma kusan dukkanta tana zagaye ne da sa'a, da mallakar fili, da zamba, da tantance gwani daga baƙo.

A ranar 24 ga Janairu 1848 wani kafinta mai suna James Marshall ya tsinci ƙwayoyin zinariya a magudanar injin yankan katako da yake gina wa John Sutter a Coloma, cikin Kalifoniya. Bayan kwana tara Meziko ta sa hannu a yarjejeniyar da ta bar wa Amurka yankin. Zuwa 1855 mutane kimanin 300,000 sun kwarara can, manoma da akawuna da matuƙan jirgin ruwa da lauyoyi, kuma mafi yawansu ba su taɓa ganin zinariya a cikin ƙasa ba. Waɗanda suka iya aikin su ne mutanen Sonora ta arewacin Meziko da 'yan Chile da 'yan Peru, waɗanda kakanninsu suka shafe ƙarnuka suna haƙa a ƙarƙashin mulkin Sifaniya. Shi ya sa tushen ƙamus ɗin Sifaniyanci ne. Wurin da ruwa ya tara zinariya a cikin yashi da tsakuwa ana ce masa "placer", akushin katako mai faɗi da ake wanke yashin a ciki kuma "batea". Dandalin da ake shimfiɗa wa duwatsu, alfadari yana zagayawa yana jan wani ƙaton dutse yana niƙe ma'adinin, shi ne "arrastra". Ko babbar jijiyar dutse mai zinariya da ta bi gindin tsaunukan Sierra Nevada, wadda ake kira "mother lode", fassara ce kai tsaye ta abin da 'yan Meziko suke cewa "veta madre", wato uwar jijiya.

Wadda ta fi kowace shahara a cikinsu ita ce "bonanza". Asalinta maganar matuƙan jirgin ruwa ce, ma'anarta lafawar teku da kyawun yanayi, sai mahaƙa suka ɗauke ta suka liƙa wa ramin da ya faɗa kan arziki. Tana da kishiya, "borrasca", wato guguwa, wadda ake faɗa idan jijiya ta ƙare aka shiga dutse marar komai. Turancin yau ya riƙe ta farkon ya yar da ta biyun, ko da yake mahaƙan sun fi yawan haɗuwa da ta biyun nesa ba kusa ba.

Ba za ka fahimci sarar ba sai ka ga yadda ake wanke yashi da tasa. Mutum yakan tsuguna a bakin rafi, sau da yawa ƙafafunsa cikin ruwan da ya narko daga ƙanƙarar tsauni, ya cika tasar ƙarfe mai faɗin baki da yashi da tsakuwa, ya nutsar da ita. Yakan murtsuke curin laka da yatsu, ya tsince manyan duwatsu ya zubar, sannan ya riƙa girgiza tasar gefe da gefe. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, ta fi yashi nauyi wajen sau bakwai, don haka duk girgizawa ɗaya tana ƙara nutsar da ita ƙasa. Sai ya karkata bakin tasar ya bar ruwa ya riƙa kwashe na sama kaɗan-kaɗan, har abin da ya rage ya zama ɗan baƙin yashi mai nauyi, bai fi cikin cokali ba. A nan ne yake juya ɗan ruwa a hankali ya ware baƙin yashin ya duba. Idan ya ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa, sai ya ce ya ga "color", wato launi. Launi alama ce kawai cewa akwai zinariya a wani wuri sama da nan, kuma gwani yakan bi shi yana haura rafi, tasa bayan tasa, har inda ya ɗauke, ya san cewa ya wuce mafarin. Daga wannan aiki ne Turanci ya sami "pan out", wadda a yau ake faɗa wa duk wani shiri da ya yi nasara ko ya ƙi, kuma masu faɗar ta da yawa ba su san da tasa a cikinta ba.

Saboda nauyinta, zinariya takan nutse ta ratsa tsakuwa har ta kwanta a kan dutsen da ke ƙarƙashin komai, wanda suke kira "bedrock". Ƙasar da ke dab da wannan dutse, wadda zinariyar cikinta ta isa ta biya wahalar wankinta, ita ce "pay dirt", ƙasa mai biya. Wanda ya kai gare ta shi ne Bahaushe zai ce haƙarsa ta cimma ruwa. Idan kuwa arzikin ya riƙa raguwa har ya ɓace, sai su ce ya yi "peter out". Da tasa ta gaza, sai aka koma ga wani akwatin katako mai lanƙwasassun ƙafafu da ake jijjigawa, wanda suka sa wa "cradle" ko "rocker" saboda kamarsa da gadon jinjirin Turawa, daga nan kuma aka koma ga dogon komi mai suna "long tom", sannan ga magudanar katako mai tsawo ƙwarai. A cikin kowanne akwai sanduna da aka gicciya a ƙasa don su tare zinariyar, wasu kuma suna zuba zaiba a bayan sandunan domin ta kama ƙananan ƙwayoyi. Masu bin tsakuwa ta ƙananan ramuka a ƙarƙashin ƙasa an ce suna "coyoting", domin ramukan sun yi kama da na dilan ƙasar.

Garin zinariya da suke kira "dust", wato ƙura, shi ne kuɗin kashewa a sansanoni, domin tsabar kuɗi ta yi ƙaranci. 'Yan kasuwa sukan karɓi oza ɗaya a kan dala 16, alhali farashin hukuma na tatacciyar zinariya dala 20.67 ne, kuma a cikin wannan tazara mutane da yawa suka yi arziki ba tare da sun taɓa riƙe shebur ba. Ƙaramin ciniki kuwa da "pinch" ake yin sa, wato abin da babban yatsa da manuni suka tsinko daga jaka, wanda ake lissafa shi dala ɗaya. Ana ba da labarin cewa masu mashaya sun fi son ɗaukar ma'aikaci mai kaurin yatsu.

Inda sarar ta fi ban sha'awa a wurina shi ne batun mallakar fili, domin a nan kalmomin su ne dokar kanta. A shekarun farko babu wata dokar haƙar ma'adinai ta gwamnatin tarayya da ke aiki a Kalifoniya, ƙasar kuma a takarda ta gwamnati ce. Don haka kowane sansani yakan yi taro ya tsara ƙa'idojinsa. Filin da mutum ya kama ana ce masa "claim", wato da'awa, kuma kalmar ta dace, domin ba mallaka ba ce irin ta gado ko ta saye. Mutum yana da haƙƙi a kai ne muddin yana aiki a ciki. Yakan kafa turaku a kusurwoyi ya manna takarda mai sunansa, abin da ya haifar da "stake a claim". A wurare masu arziki filin mutum ɗaya bai wuce 'yan ƙafafu kaɗan a kowane gefe ba. Idan ya bar diga da shebur a cikin ramin, an san yana nan, amma idan ya yi kwanakin da sansanin ya ƙayyade bai taɓa aiki ba, da'awarsa ta faɗi, wani yana iya shiga. Shiga filin wani shi ne "jumping", wato tsallakawa, kuma duk rigimar tana kan ko filin yasasshe ne ko kuwa mai shi ya je gari ne sayen gari da wake. Taron mahaƙa ne yake yanke hukunci, wani lokaci cikin awa ɗaya, kuma hukuncin yakan kai ga bulala ko kora ko rataya. Garin da ake kira Placerville a yau an daɗe ana ce masa Hangtown, garin rataya. Da gwamnatin Amurka ta zo yin dokokinta a 1866 da 1872, sai ta amince da yawancin al'adun nan, ta shigar da kalmominsu cikin harshen shari'a.

Wanda ba shi da jari yakan nemi "grubstake". Kashin farko na kalmar sara ce ta abinci, na biyu kuma rabo ne. Mai kanti yakan ba mai nema gari da naman gwangwani ko busasshe da kayan aiki, wani lokaci har da jaki, bisa sharaɗin za su raba duk abin da aka samu, sau da yawa biyu daidai. Idan ba a sami komai ba, mai kanti ya yi asarar kayansa, mai nema ya yi asarar ƙarfinsa. Duk wanda ya san yadda masu ɗaukar nauyi suke ciyar da mahaƙa a wuraren haƙar gargajiya na Afirka ta Yamma a yau zai gane tsarin nan take.

Kalmomin zamba ma suna da yawa. "Fool's gold", zinariyar wawa, wani ma'adini ne na ƙarfe da farar wuta mai ƙyalli, wanda ya yaudari sababbin zuwa ba adadi, ko da yake gwajinsa ba wuya, domin idan aka buga wa zinariya guduma takan baje, shi kuwa yakan farfashe. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne "salting", barbaɗa gishiri. Mai ramin da ba komai a ciki yakan barbaɗa garin zinariya a inda ya san mai saye zai ɗebi samfur, wasu ma har ɗura garin suke yi a bindiga su harba a jikin dutse don ya shige cikin tsaguwa kamar halitta. Mai saye ya wanke ya ga launi, ya biya, an yi masa shigo-shigo ba zurfi. Wannan dabara ba ta mutu da zamaninsu ba, domin a 1997 an gano cewa samfuran da kamfanin Bre-X na Kanada yake nunawa daga Busang a Indonesiya barbaɗe aka yi musu, bayan masu hannun jari sun zuba biliyoyin daloli.

Da zinariyar rafi ta ja baya aka koma fasa dutse a ƙarƙashin ƙasa, sai wani sabon rukunin malamai ya shigo, wato mutanen Cornwall ta kudu maso yammacin Ingila, waɗanda suka gaji haƙar kuza da tagulla. Su ne suka yaɗa kalmomin rami mai zurfi, irin su "stope" ga kogon da ake sarar ma'adini, da "winze" ga rijiyar da ke haɗa bene da bene a ƙarƙashin ƙasa, da kuma al'adar kiran shugaban ma'aikata kyaftin. An yi musu laƙabi da "Cousin Jack", kuma bayanin da aka saba bayarwa shi ne duk lokacin da gurbin aiki ya samu, sai ɗayansu ya ce yana da wani ɗan'uwa Jack a gida wanda zai iya. Sun zo da camfinsu na "tommyknockers", wasu ƙananan halittu da suke cewa suna ƙwanƙwasa dutse. Ƙarar da suke ji gaskiya ce, domin katakon tokare da dutsen da ke shirin ruftawa sukan yi ƙara kafin su faɗi, kuma wanda ya ji ya fita da sauri yakan tsira. A wannan zamani ne na aikin albashi aka sami "high-grading", wato ma'aikaci ya ɓoye dutse mai yawan zinariya a cikin tufafinsa ko kwanon abincinsa ya fita da shi, abin da ya sa kamfanoni suka gina ɗakunan canja kaya inda ake tuɓe wa mutum a duba shi.

Sunayen da suka sa wa juna suna nuna yadda zaman yake. Wanda ya iso a 1849 shi ne "forty-niner", kuma yana taƙama da haka a kan waɗanda suka biyo baya. Faransawa an kira su "keskydees", daga tambayar da suke yawan yi a harshensu, wato me ya ce. Sinawa sun sa wa Kalifoniya "Gam Saan", tsaunin zinariya, kuma da aka sami zinariya a Ostireliya sai San Francisco ta zama tsohon tsaunin zinariya, Melbourne ta zama sabo, sunan San Francisco na Sinanci kuwa bai canja ba har yau. Wanda ya sha wuyar tafiya da haƙa, ya koma gida hannu rabbana, yakan ce ya ga giwa, "seen the elephant", karin maganar da ta girmi rububin amma a lokacinsa ta yi tashe. Sai dai bai kamata a karanta sunayen nan a matsayin barkwanci kawai ba. A 1850 Kalifoniya ta ɗora wa baƙin mahaƙa harajin dala 20 a wata, wanda ya kori dubban 'yan Meziko da 'yan Chile, mutanen da aka ari sana'ar da kalmominta daga wurinsu. 'Yan asalin ƙasar kuma, waɗanda aka raina da sunan "Diggers" saboda suna tonon saiwoyi don abinci, yawansu ya faɗi daga kimanin 150,000 kafin rububin zuwa kimanin 30,000 a farkon shekarun 1870, ta hanyar kisa da cuta da yunwa da ƙwace ƙasa.

Wannan kalma ta "digger" a Ostireliya kuwa suna ce ta alfahari, ita mahaƙa suke kiran kansu da ita tun daga 1851 da aka buɗe filayen Bathurst da Ballarat da Bendigo, kuma daga baya ta zama laƙabin sojan ƙasar a yaƙin duniya na farko. Sarar can ta fi ta Kalifoniya ɗaci game da hukuma, domin gwamnatin mulkin mallaka tana karɓar sule 30 a wata kuɗin lasisi, ko mutum ya samu ko bai samu ba. 'Yan sandan da ke farautar marasa lasisi ana ce musu "traps", kuma da an hango su sai ihun "Joe! Joe!" ya bi ramuka daga wannan zuwa wancan, daga sunan Charles Joseph La Trobe, wanda a lokacin shi ne gwamnan Victoria, yankin da Ballarat da Bendigo suke, kowa ya faɗa rami ko ya shige daji. Wannan ƙiyayya ce ta kai ga arangama tsakanin mahaƙa da dakarun gwamnati a Eureka, cikin Ballarat, a ranar 3 ga Disamba 1854, inda fiye da mutum 20 suka mutu, bayan haka aka soke lasisin aka maye gurbinsa da takardar fam ɗaya a shekara. Sabon zuwa a can "new chum" ne, ramin banza "duffer" ko "shicer", ta biyun daga wata kalmar ashar ta Jamusanci. Tsince-tsince a ramukan da wasu suka bari shi ne "fossicking". Wadda na fi so ita ce "shepherding", kiwo. A Ballarat zinariyar tana kwance a tsofaffin koramu da suka binne da zurfin da yakan wuce ƙafa 100, ba wanda ya san inda koramar za ta karkata, don haka mai wayo yakan kama fili ya riƙa tona ɗan abin da zai hana a ce ya yasar da shi, yana zaune yana kiwon ramin maƙwabcinsa da ido, sai ya ga inda jijiyar ta nufa kafin ya kashe kuɗinsa.

Rububi na ƙarshe babba shi ne na Klondike a arewa maso yammacin Kanada, bayan George Carmack da Skookum Jim da Dawson Charlie sun sami zinariya a watan Agusta 1896 a wani rafi da nan take aka canja masa suna zuwa Bonanza. Mutane kimanin 100,000 suka kama hanya, wajen 30,000 ne suka isa. A can sabon zuwa "cheechako" ne, daga harshen kasuwanci na Chinook da ake yi a gaɓar tekun yankin, ma'anarsa sabon isowa. Tsohon hannu kuwa "sourdough" ne, kullu mai tsami, saboda ɗan kullun da yake ajiyewa yana tayar da burodinsa da shi, yana kwana da shi a jikinsa kada sanyi ya kashe shi. Ba a ba mutum wannan suna sai ya ga kogin Yukon ya daskare ya kuma ga ya narke yana wurin. Jakar fata da ake zuba garin zinariya ita ce "poke".

Game da karatun da kake yi, ka lura da zamanin kowace kalma da wurinta, domin fina-finai da labaran ƙirƙira na baya sun tattara sarar shekara hamsin da nahiyoyi biyu sun zuba a bakin tsoho guda mai gemu da jaki. Idan ka ga an sa mutumin 1849 a Kalifoniya yana kiran wani "cheechako", ko yana ihun "Joe", to ka san rubutun na baya ne. Wasiƙun da mahaƙan suka aika gida, da jaridun San Francisco da Sacramento da Melbourne na lokacin, da ƙa'idojin sansanoni da aka rubuta da hannu, su ne inda za ka ga kowace kalma a bakin mai ita, kuma jami'o'i da ɗakunan karatu na Amurka da Ostireliya sun ɗora da yawa daga cikinsu a intanet kyauta.